Faranti Mai Jin Ƙura: Littafin Aikinmu a Samaru

Litinin, 14 ga Oktoba 2024

Mun gan ta, tauraruwa mai wutsiya. Bayan sallar magariba muka fita wani fili a hanyar Shika, ni da ɗalibaina biyu da Baba, tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwajenmu. Tana yamma, a daman Zara, wutsiyarta a miƙe sama kamar an jingina tsintsiya da bango. Wata ya kusa cika, haskensa ya rage mata kwarjini, amma ko ba madubin hangen nesa ana ganinta. Sunanta Tsuchinshan-ATLAS, kuma shekaranjiya ne ta fi kusantar duniya.

Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ta 1986 ba ta kai wannan fitowa ba. Halley yake nufi, wadda sai 2061 za ta dawo. Ya ce suna yara manya kan ce idan tauraruwa mai wutsiya ta fito, wani babba zai faɗi. Ɗalibata ta ce, "Baba, to ai kowace shekara sai wani babba ya faɗi." Ya yi dariya ya ce yaran yanzu ba su da ta-ido.

A hanyar dawowa muka tsai da maganar da muka yi wata biyu muna juyawa. Za mu ƙera samfurin na'urar da ke jin faɗuwar ƙura, irin wadda ake ɗora wa kumbon da zai je wurin tauraruwa mai wutsiya. Ba wanda zai harba tamu sama, wannan mun sani. Abin da nake so shi ne yaran nan su san yadda ake yi, da hannunsu. Na buɗe wannan littafi don kada mu riƙa tuna nasara kaɗai.

Laraba, 23 ga Oktoba

Me ya sa ƙura? Saboda tauraruwar kanta curi ne na ƙanƙara da ƙura, kamar yadda masanin taurari Fred Whipple ya bayyana tun 1950. Idan ta matso kusa da rana, ƙanƙarar ba ta zama ruwa, kai tsaye take zama iska, iskar kuma ta yi awon gaba da ƙurar. Wutsiyar da muka gani yawancinta ƙurar nan ce rana ke haskawa. Kuma tsohuwar ƙura ce, ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su sama da shekara biliyan huɗu da rabi. Wanda ya auna ta ya leƙa rumbun da ba a taɓa buɗewa ba.

Abin koyinmu shi ne GIADA, na'urar da masana a Italiya suka jagoranci ƙerawa, aka ɗora ta a kan kumbon Rosetta na hukumar sararin samaniya ta Turai. Gaɓoɓinta uku ne: labulen hasken leza da ke ganin ƙwaya tana wucewa, farantin alminiyam da ke jin bugunta, da ƙananan ma'aunai na kiristal da ke auna ƙura mai laushi da ta taru. Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne Rosetta ba wucewa ya yi da gudu ba. Rakiya ya yi wa tauraruwar 67P daga Agustan 2014 har ƙarshen Satumban 2016, don haka ƙwayoyin da suka riƙa faɗo masa a hankali suke tafe, mitoci kaɗan a sakan. Idan ka saki tsakuwa daga tsayin santimita 20, tana isa ƙasa da gudun kusan mita 2 a sakan. Ke nan teburinmu na iya kwaikwayon abin.

Yau na shiga Sabon Gari. Na samo faifan fiyezo guda goma wurin mai gyaran rediyo, irin tagullar nan mai faɗin kwabo da ke kuka a cikin agogo. Idan ka ba ta lantarki ta motsa, idan ka motsa ta ta ba ka lantarki. Na biyun muke so. Mai yin tagogin alminiyam ya yanka mini faranti, santimita 10 kowane gefe. Da ya tambayi na mene ne, na ce na sauraren ƙura. Ya dube ni ya ce, "Allah Ya ba da sa'a, Malam," da muryar da ake yi wa marar lafiya sannu.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ba wuta, kwana da kwanaki. Ba a iya dumama ƙarfen liƙa dalma. Baba ya ɗora wani tsohon ƙarfe a kan gawayi ya liƙa wayoyi uku, biyu sun kama. Mun yanke shawarar komai namu ya yi aiki da batir, mu huta.

Talata, 12 ga Nuwamba

Yau shekara goma cif da saukar Philae, ɗan kumbon da Rosetta ya goyo, a kan 67P. Na ba yara labarin kafin mu fara: ƙaramin kumbon ya taɓa ƙasa, ƙugiyoyin da ya kamata su kafe shi ba su harba ba, ya yi tsalle ya sake tsalle, ya je ya maƙale a inuwar wani dutse inda rana ba ta isa ta cika masa batir. Shekara goma ana tafiya tun Maris na 2004, sai a bakin ƙofa ƙugiya ta ƙi. Duk da haka ya yi aikin kwana biyu da 'yan kai kafin ya yi shiru.

Mu ma yau muka ji bugun farko. Fiyezo huɗu a kusurwoyin farantin ta ƙasa, amfilifaya mai ƙara wa siginar ƙarfi, sai tsohon osiloskof, akwatin da ke zana motsin lantarki a gilashi, wanda Baba ke lallaɓawa kamar jariri. Ɗalibina ya saki ƙwayar gero, layin da ke kan gilashin ya yi tsalle ya dawo yana kaɗawa. Muka yi ta tafi.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Farantin ba gero kaɗai yake ji ba. Yana jin ƙofa in an rufe, yana jin tirela in ta wuce kan titin Sakkwato, yana jin janaretan ginin da ke kusa. Da ɗalibata ta yi tari, layin ya motsa. Ashe makirufo muka ƙera. Ga kuma gurnanin wayar lantarki, mai kaɗawa sau 50 a sakan, da ke shiga ta wayoyinmu ko da ba mu jona da bango ba. Mun sa allon kayan lantarkin cikin gwangwanin madara muka haɗa shi da ƙasa, gurnanin ya ragu. Mun ɗora farantin a kan soson katifa, tirela ta ragu. Tarin dai sai haƙuri.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Mako biyu a kan abu ɗaya, kuma a ganina shi ne aikin gaba ɗaya. Tsallen layi ba ilimi ba ne sai ka san tsalle kaza na nufin nauyi kaza. A kasuwa ba ka yarda da mudun da ba ka sani ba, sai ka gwada shi da naka. To gero ba ya zama mudu, don kowace ƙwaya da girmanta. Yashin Kubanni ma haka. Boris ɗin keke ya yi nauyi, yana cika amfilifaya har ya toshe.

Ɗalibata ce ta kawo mafita: ƙwallon bakin biro. Duk na kamfani ɗaya girmansu ɗaya, a mulmule suke, ba sa fashewa. Ta bi aji-aji ta tattaro matattun birori cikin leda, Baba ya zauna da filaya yana fiɗa. Mun auna guda ashirin tare a ma'aunin masu kimiyyar haɗa sinadarai, muka raba. Sai saki daga santimita 5, 10, 20, 30, kowanne sau hamsin, ta cikin bututun allura don hannu kada ya sa baki. Abin da farantin ke ji shi ne nauyi a ninka da gudu, kuma ɗigogin da muka zana sun hau layi yadda ya kamata, ba laifi.

Sai dai inda ƙwallon ya faɗa yana canja amsa. A tsakiya wani abu, kusa da kusurwa wani abu, har ya kusa ninkawa. Dole muka zana wa farantin gidaje 25 kamar dara, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibina ya gaji ya ce, "Malam, su ma Turawan haka suke zama suna jefa tsakuwa?" Na ce ƙwarai kuwa, shekaru suke yi a kai, kuma sukan ajiye tagwayen na'urar a ƙasa don in ta sama ta faɗi abin da ba a gane ba, a tambayi ta gida. Hoton tauraruwa ne ke shiga jarida. Jefa tsakuwar ba mai ɗaukar hotonsa.

Ƙwallaye goma sha ɗaya sun ɓace a ƙasan ɗaki. Na hana shara.

Talata, 17 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, ko Kufena ba a hangowa. Tun farko lissafina shi ne ga ƙura kyauta, daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso mana ita, me zai hana mu gwada da ita? Muka hau da na'urar rufin gini, muka bar ta kwana tana ƙirga wa kanta.

Da safe ta ce bugu ɗari uku da wani abu. Ɗalibina har ya fara tsara yadda zai rubuta. Baba ya ce a kifa mata kwano a sake kwana. Aka kifa. Da safe, ƙarƙashin kwano inda ko ƙwaya ba ta shiga, ta ƙirga kusan haka. Da muka duba lokutan, yawancinsu sun taru ne bayan faɗuwar rana da kuma hantsi. Ƙarfe ne ke takurewa da sanyi yana miƙewa da zafi, irin ƙas-ƙas ɗin da kwanon rufi ke yi, gam ɗin da muka liƙa fiyezo da shi yana ja yana saki. Da tsohuwar zuma ake magani. Ni da digirina ban yi tunanin kwano ba.

Gaskiya ta biyu ta fi ɗaci: ƙurar hunturu ta yi wa farantin laushi. Ƙwayoyinta 'yan mikiron ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita sau kaɗan, saukowa suke kamar hayaƙi. Ta rufe farantin har ana rubutu da yatsa a kai, amma bai ji zuwanta ba ko sau ɗaya.

Alhamis, 9 ga Janairu 2025

Mun koma gaɓa ta uku, ma'aunin kiristal, wanda dama don irin wannan ƙurar aka yi shi. Cikin rediyoyi da yawa akwai ɗan gwangwani mai ɗauke da siririn yankin dutsen kwaz da ke kaɗawa da ƙidaya tsayayya. Namu sau miliyan 10 a sakan. In wani abu ya zauna a kansa, kaɗawar ta ragu, kamar yadda ganga ke canja murya in an liƙa mata nake. Wani Bajamushe, Sauerbrey, ya fitar da lissafin a 1959. A irin namu, ragin kaɗawa ɗaya na nufin kusan nanogiram 4, wato kashi huɗu cikin biliyan na giram, a kan kowane murabba'in santimita. Ban san wani ma'auni mai arha da ya kai shi ido ba.

Yanke gwangwanin ba tare da fasa abin ciki ba shi ne wuya. Mun kashe shida, na bakwai da na takwas suka rayu a hannun ɗalibata. Ɗaya a buɗe, ɗaya da murfi mai 'yar kafa, muna ɗebe na biyu daga na farko don zafi da sanyi su soke juna. Darasin kwano ke nan. Wannan karon lamba tana sauka a hankali ranar da hazo ya yi kauri, tana tsayawa ranar da gari ya washe. Ban yarda da adadin ba tukuna, don ƙura ba ta manne wa kiristal kamar fenti, zama kawai take yi. Amma alƙiblar daidai ce.

Laraba, 22 ga Janairu

Wani farfesa da ya koyar da ni ya leƙo. Ya duba gwangwanin madara da soson katifa, ya ce, "Yanzu kai da wannan za ka je sama?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ko Kwangila ba za ta je ba." Sai ya zauna, muka yi kusan awa guda.

Tambayarsa ta gaske ita ce me ƙasar da ba ta da wutar liƙa dalma za ta yi da ƙurar tauraruwa. Ban ce masa za ta kawo abinci ba. Na ce masa ya duba su wa ke ƙera waɗannan na'urori. Hukumomi ke harba kumbo, amma idanunsa da kunnuwansa sau da yawa daga jami'o'i suke fitowa. Na'urar jin ƙura ta kumbon Giotto, wanda ya ratsa gaban Halley a Maris na 1986, Jami'ar Kent ta Ingila ce ta jagorance ta. Ta kumbon Stardust, wanda ya kamo ƙurar tauraruwar Wild 2 a 2004 ya jefo ta hamadar Utah a Janairun 2006, daga Jami'ar Chicago take. ROSINA, hancin Rosetta, daga Jami'ar Bern ta Suwizalan: ita ta gano cewa ruwan 67P ya ninka na tekunanmu kusan sau uku wajen nau'in haidirojin mai nauyi, abin da ya raunana zancen cewa irin waɗannan taurari ne suka kawo wa duniya ruwanta, ita kuma ta shaƙo gilaisin, ɗaya daga cikin tubalan furotin. Ɗalibai nawa suka yi digiri a gindin kowace ɗaya?

Sannan na kawo masa Comet Interceptor, wanda Turai da Japan ke shiryawa, ana sa ran harba shi wajajen 2029. Dabararsa ta burge ni. Sabuwar tauraruwa da ba ta taɓa kusantar rana ba, in an hango ta, lokacin da ya rage bai isa a ƙera kumbo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka za a ƙera shi tun ba a san wadda za a je wa ba, a kai shi wani matsayi mai nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya, ya zauna jira. In ta ɓullo ya tare ta, ya saki ƙananan kumbo biyu su matsa kusa. Ɗaya daga cikin kyamarorinsa daga Jami'ar Tartu take, a Estoniya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. A nan gida ma jami'ar fasaha ta Akure ta sa hannu a ƙaramin tauraron ɗan'adam da aka harba a 2017.

Ya tambayi ko farantinmu zai yi aiki a irin wannan tafiya. Na ce a'a, kuma dalilin gudu ne. Giotto ya wuce Halley da kilomita 68 a sakan. A wannan gudu, ƙwayar yashi mai miligiram ɗaya tana ɗauke da ƙarfin buhun siminti da aka sako daga tsayin kusan mita biyar. Shi ya sa aka yi masa garkuwa biyu, siririn alminiyam a gaba don ƙwayar ta tarwatse, wata garkuwa mai kauri a baya ta tare ɓurɓushin. Duk da haka, sakanni kaɗan kafin ya kai kusa, wata ƙwaya ta buge shi ya karkace, kyamararsa kuma ba ta sake gani ba.

Bai ce na gamsar da shi ba. Amma da zai fita ya ce akwai wani teburin dutse a tsohon ɗakinsa da ba ya girgiza, in aika a ɗauko.

Talata, 11 ga Fabrairu

Labulen leza ya tashi. Lezar nuni ta 'yan lacca, sandar gilashi a gabanta ta baje hasken ya zama shimfiɗa, sai idon lantarki a gefe, cikin kwali da muka shafe da baƙin fenti. Ƙwaya in ta ratsa sai ta yi ƙyalli, idon ya gani. Labulen na santimita 10 sama da faranti. Ƙwallon da aka saki daga santimita 30 ya kamata ya bugi faranti kimanin kashi 45 cikin dubu na sakan bayan ƙyallin, kuma haka muka samu. Yanzu muna da gudu daga tazarar lokaci, muna da bugu daga faranti, in an raba sai nauyi ya fito.

Muka kafa doka: ba a karɓar shaidar faranti sai leza ta gaskata shi cikin ƙayyadadden lokaci. Shaidu biyu. Ɗalibina ya buga ƙofa, ya yi tari da gangan, ya yi tsalle. Sifili. Kwana guda ƙarƙashin kwano, sifili. Na sayo wa kowa tsire.

Talata, 25 ga Fabrairu

Garin neman gira mun kusa rasa ido.

Ƙwallon biro yana sheƙi, yana da tauri. Ƙurar tauraruwa mai wutsiya ba haka take ba. Jikin 67P kashi shida kacal cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa, kusan baƙin gawayi. Sai muka daka gawayi muka tankaɗe. Faranti yana jin manyan gutsattsarin sarai, amma leza ba ta ganin da yawansu, dokarmu kuma ta zubar da su a matsayin ƙarya.

Sai Baba ya zo da audugar rimi daga wani tsohon matashin kai, ya ce a gwada wannan. Akasin haka ya faru. Leza ta gan ta ƙarara, faranti bai ji komai ba. Doka ta sake zubarwa. Na zauna shiru, don na tuna abin da na karanta na manta: GIADA ta gamu da irin wannan a 67P. Akwai ƙwayoyin da labulen lezarta kaɗai ya gani, farantin bai ji su ba, wasu lokuta a tare kamar an watsa. Da masu na'urar sun bi doka irin tamu, da sun share su. Ba su share ba, suka bi diddigi, suka fassara su da cewa tarin ƙura ne sakayau, kusan duk rami, mai wargajewa kafin ya iso. Irin waɗannan na cikin abin da ake ganin ya fi daɗewa bai canja ba tun farkon lamari.

Ɗalibata ta ce, "Malam, ke nan shaida ɗaya ma a rubuta shi, a dai sa masa alama." Haka ne. Kuskurena shi ne na bar na'ura tana yanke hukunci tana share abin da ta ƙi, maimakon ta ajiye komai mu yi hukuncin daga baya. Bayanan mako biyu sun tafi, ba su dawowa.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi, don haka aiki daga safe zuwa azahar kawai. Ɗalibina ya sake rubuta manhajar. Yanzu rukuni uku take ajiyewa, kowanne da lokacinsa da zafin ɗaki: wanda leza da faranti suka yarda a kansa, na leza kaɗai, na faranti kaɗai. Katin ajiya yana cika cikin kwana biyu, rabinsa tari da tirela. Mun ƙara ido na biyu a ɗaya gefen labulen saboda gawayi, ya taimaka kaɗan.

Gwajin audugar rimi yana da aibi da ban so in ɓoye. A ɗakinmu iska ce ke riƙe ta, tana saukowa tana rangaji. A can babu iska, auduga da ƙarfe tafiyarsu ɗaya. Sai mun zuƙe iskar kafin mu san ko farantin kurma ne ko audugar ce ba ta iso da ƙarfi ba. Baba ya ce kwamfiresar tsohon firji tana zuƙa in an juya bututunta, kuma akwai ƙaton kwalban gilashi mai kauri a sito, sai dai bakinsa ya ɗan tsage. Mai gyaran firji a Sabon Gari ya ce in dawo ranar Asabar. Teburin dutsen ya iso jiya, mutum shida suka ɗauko shi, ya ƙi shiga ƙofa sai da aka cire ƙyaure.